Zauren Malam: Bidiyon Ajiya Daban, Na Rabawa Daban

  

A wannan karo za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa da kuɗin makaranta, mu taɓo wani abu da ya same mu a gida, wanda muke jin ba mu kaɗai ya taɓa samu ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To namu gemun ya riga ya ƙone, saura naku.

Shekara biyu da suka wuce aka yi auren 'yar ƙanwarmu a nan Kumasi. Ranar walima, bayan an ci an sha, sai kawunmu, wanda shi ne babban da ya rage a zuriyarmu, ya miƙe don ya sa wa amarya albarka. Da ma tsoho ne mai son labari, sai addu'a ta zarce zuwa tarihi. Ya yi kusan minti 20 yana faɗin yadda kakansa ya baro Kano cikin ayarin fataken goro, ya zauna a Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya gangaro kudu da iyalinsa. Ya lissafa iyaye da kakanni ɗaya bayan ɗaya, da unguwar da suka fito, da gidajen da muka haɗa jini da su. A cikinmu babu wanda ya ɗauki alƙalami, domin ga mai bidiyo nan tsaye da kyamararsa, kuma an biya shi.

Bana Allah ya yi wa kawu rasuwa. Bayan addu'ar arba'in, 'ya'yansa da ke Amurka da Jamus suka ce a nemo musu wannan jawabi. Muka bincika wayoyin dangi, abin da muka samu guntu ne na minti 3, an ɗora masa kiɗa, an yi ta tura shi daga waya zuwa waya har fuskar tsohon ta koma kamar hoton da ruwa ya taɓa. Sai muka tuna ai mai bidiyo ya ba mu filashi. Muka zaro shi daga durowa muka sa a kwamfutar makaranta. Fayil ɗaya ne tak a ciki, girmansa bai kai na hoton waya guda ba, kuma ya ƙi buɗuwa.

Muka tafi shagon mai bidiyon. Yaro ne mai ladabi, ya miƙe ya ba mu kujera. Da ya duba sai ya dafe kai, ya ce, "Malam, ai wannan ba bidiyo ba ne, takardar aikina ce. Kuskure na yi wajen kwafa." Muka ce, "To ɗana, ina ainihin abin da ka ɗauka?" Ya ce, "Wallahi Malam ma'ajin kwamfutar ya cika tun bara, duk aikin da ya wuce wata shida na share shi." Ba mu yi masa faɗa ba, domin rabin laifin namu ne. Shekara biyu filashi yana hannunmu ba mu taɓa gwada shi ba. Maimakon faɗa, sai muka roƙe shi ya koya mana abin da ya kamata mu sani tun farko. Da shi da wani abokin aikinmu mai koyar da kwamfuta suka zaunar da mu, ga kuma abin da muka kwaso muku.

Abu na farko shi ne wannan takardar aiki. Duk wanda yake tace bidiyo, ko a kwamfuta da manhaja irin su Premiere da DaVinci Resolve da Shotcut, ko a waya da CapCut, ajiya iri biyu yake yi. In ya danna wurin da aka rubuta Save, manhajar tana rubuta umarni ne kawai: a yanka nan, a haɗa da can, a sa waƙa a minti kaza, a rubuta sunan amarya a farko. Hoton kansa yana can inda aka zuba shi daga kyamara. Misalinsa kamar littafin awon tela ne. In tela ya ba ka shafin da ya rubuta tsawonka da faɗin kafaɗarka, bai ba ka riga ba, kuma in yadin ya ɓace awon ba zai rufa maka jiki ba. Rigar tana fitowa ne sai an danna wurin da aka rubuta Export, wato fitarwa, kwamfuta ta ɗauki lokaci tana ɗinke komai ya zama fayil guda da ake iya kallo. Ana gane takardar aiki da ƙanƙantarta da kuma wutsiyar sunanta, misali .prproj ko .drp ko .wlmp. Duk wanda aka miƙa wa bidiyon biki na awa guda ya ga bai kai mega 10 ba, to ya koma tun bai bar ƙofar shago ba.

Abu na biyu shi ne waɗannan haruffa da muke gani a ƙarshen sunan fayil: MP4, MOV, AVI, MKV, WMV. Mu da muna zaton su ne bidiyon. Ashe ambulan ne. A cikin ambulan ɗin akwai hoto da sauti, kowanne an rubuta shi da wani irin rubutu na matse bayani, wanda masu sana'ar suke kira kodek. Ku tuna da wasiƙun kakanninmu. Ɗan aike zai kawo wasiƙa har gida, a buɗe ambulan lafiya lau, amma in da ajami aka rubuta ta, mai karatun boko zalla sai dai ya yi ta kallo. Haka talabijin ko kwamfuta take iya sanin ambulan amma ta kasa karanta rubutun ciki.

Mun ga wannan da idonmu. Ana cikin jimamin jawabin kawu, sai wata jikarsa ta ce ta ɗauki wani sashe da wayarta ƙirar iPhone, kuma bai bar wayar ba. Muka kwafo shi da igiya zuwa kwamfutar makaranta, sai ga muryar kawu tana fita rangaɗaɗau, amma allo baƙi ƙirin. Dalili kuwa, tun 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗaukar bidiyo da rubutun da ake kira H.265 ko HEVC, wanda ya fito a 2013. Ya fi iya matse bayani, amma tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba. Abokin aikinmu ya sa wa kwamfutar manhajar VLC, wadda kyauta ce kuma tana karanta kusan kowane irin rubutu, nan take sai ga kawu da jar hularsa. Wani ɗalibinmu ya ba da shawarar a goge MOV daga sunan fayil a rubuta MP4. Wannan sauya adireshi ne a bayan ambulan, wasiƙar ciki tana nan yadda take. Mai son juya bidiyo daga wani iri zuwa wani sai ya bi ta manhajar juyawa, kamar HandBrake, ita ma kyauta ce.

Me ya sa za mu damu da irin da aka zaɓa? Domin mu da muka haura arba'in mun ga iri nawa suka zo suka wuce. Auren iyayenmu da yayyenmu a kaset ɗin VHS aka ɗauka, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallonsa, wato Funai, ya daina a 2016. Tun a wancan zamani ma an sha wahalar bambancin iri, domin ƙasarmu tana kan tsarin PAL mai hoto 25 a sakan, Amurka kuwa tana kan NTSC mai kusan hoto 30, shi ya sa kaset ɗin da 'yan'uwa suka aiko daga Niyok yakan ƙi yi a gida sai an kai an juya shi. Daga nan aka shiga faifan VCD, sa'an nan DVD. Aka yi zamanin 3GP na ƙananan wayoyin Nokia, wanda hotonsa bai fi akwatin ashana ba. Aka yi FLV, wanda ya dogara da manhajar Flash, ita kuwa kamfanin Adobe ya janye hannunsa daga kanta a ƙarshen 2020. Da yawa cikinmu da Windows Movie Maker muka fara haɗa hotunan suna da na Sallah, shi ma kamfanin Microsoft ya daina ba da shi a farkon 2017. Wanda ya fitar da bidiyonsa a lokacin, yau yana iya kallo. Wanda ya bar shi a takardar aiki, sai ya nemo tsohuwar kwamfuta da dukkan hotunan asali kafin ya ga komai.

Saboda haka ga abin da malaman namu biyu suka yi ittifaƙi a kai. Ga bidiyon gida, a zaɓi ambulan MP4, rubutun hoto H.264, rubutun sauti AAC. Shi H.264 tun 2003 yake, kuma da wuya a sami waya ko talabijin mai ramin filashi ko kwamfuta da ba ta karanta shi. Ba shi ne sabo ba, amma shi ne kamar Hausa a kasuwa: daga Kumasi har Yamai za ka sami mai jin ta. Masu sana'a suna da wasu iri na aiki, irin su ProRes, wanda awa guda takan ci fiye da giga 50. Wannan nasu ne, gida ba ya bukatarsa.

Bayan iri, sai girman hoto. Hoton bidiyo ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera. VCD yana da 352 a kwance da 288 a tsaye, DVD yana da 720 da 576, abin da ake kira 1080 yana da 1920 da 1080, shi kuwa 4K ya ninka wannan sau huɗu. Ƙa'ida ita ce a fitar da bidiyo a girman da aka ɗauke shi, da kuma yawan hoto a sakan da aka ɗauke shi, in 25 ne 25, in 30 ne 30. Rage girma hasara ce. Ƙara girma kuma ba ya ƙara kyau, domin kwamfuta ba za ta ƙirƙiro abin da kyamara ba ta gani ba. Wanda ya ce zai mai da maka tsohon VCD ya zama 4K, ruwa zai ƙara wa kunu, kofi ya cika amma gero bai ƙaru ba.

Sai kuma mudun da ake auna wa kowane sakan, wanda a manhaja aka rubuta masa Bitrate. A nan ne kyau da nauyi suke ja-in-ja, kuma a nan ne malamin lissafi zai ji daɗi. In aka sa lamba 8, ana nufin megabit 8 a sakan, wato mega 1 irin wadda muke saye a data. Minti guda ya zama mega 60, awa guda giga 3.6. Wannan lamba 8 ita ce YouTube take ba da shawara ga mai ɗora bidiyon 1080. In aka sa 20, awa guda za ta ci giga 9, amma aikin zaren da ke wuyan babbar riga da zanen lallen amarya za su fito sosai, ko da ana motsi. In aka sa 2, awa guda ba za ta kai giga 1 ba, ta yi daidai da turawa a waya, amma da an fara rawa sai hoto ya farfashe.

To wanne za a zaɓa? Amsar ita ce kan maganarmu ta yau: a fitar da guda biyu. Ɗaya babba na ajiya, a cikakken girma da mudu mai yawa, wanda ba a taɓa shi sai in za a kwafa. Ɗaya ƙarami na rabawa, a girman 720 da ɗan mudu kaɗan, wanda za a tura wa gwaggo a Tamale da ƙani a Hambug ba tare da an cinye musu data ba. Kuskurenmu a zango shi ne mun mai da na rabawa ya zama na ajiya.

Dalilin da ya sa wannan kuskure ne, duk waɗannan rubuce-rubuce na matse bidiyo suna zubar da wani abu a duk lokacin da aka sake matsawa. Mu malamai mun san abin da ke faruwa in aka yi fotokwafin takardar jarrabawa, aka sake yin fotokwafin fotokwafin, har sau huɗu: ƙaramin rubutu yakan narke, yara su yi ta ɗaga hannu suna tambaya. Kwafa fayil daga kwamfuta zuwa filashi ba ya rage komai, ko sau dubu aka yi. Abin da ke ragewa shi ne sake fitarwa daga manhaja, da juyawa zuwa wani iri, da ɗorawa a Facebook a sake saukewa, da tura shi a WhatsApp a matsayin bidiyo, domin WhatsApp yakan matse shi kafin ya tafi. Mai son ya aika da fayil yadda yake, sai ya tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da aka rubuta Document, wanda tun 2022 yake ɗaukar har giga 2. Kuma duk lokacin da ake bukatar sabon ƙaramin kwafi, a koma ga babban a ciro, kada a ciro daga ƙarami.

Akwai wani tarko da ke jiran babban fayil. Yawancin filashi masu giga 32 zuwa ƙasa suna zuwa da tsarin da ake kira FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da filashin babu komai a ciki. Mutum sai ya ga kwamfuta ta ce fayil ya yi girma alhali ga wuri nan, ya ɗauka filashin jabu ne. Magani biyu ne. Ko a sake tsara filashin zuwa exFAT, amma a sani wannan yana share duk abin da ke ciki, kuma wasu tsofaffin talabijin ba su karanta shi. Ko kuma a ce wa mai tacewa ya raba bikin kashi-kashi: ɗaurin aure daban, walima daban, kai amarya daban. Mu mun fi son na biyun, domin ya fi sauƙin nema, kuma in ɗaya ya lalace saura suna nan.

Yanzu ga abin da muke roƙon kowane mai hidima ya yi, ko aure ko suna ko saukar karatu ko tarbar alhazai. Tun ran gini tun ran zane: a yi maganar nan da mai bidiyo ranar da ake ciniki, kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami. A ce masa ana son babban kwafi da ƙarami. A ce masa ana son ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka gaba ɗaya, wanda ba a yanka ba, ko da za a sayi ma'aji a kawo masa ya zuba. Shi mai tacewa rawa da ado yake nema, domin su ne ke jawo masa ciniki. Jawabin tsoho na minti 20 shi ne farkon abin da almakashinsa zai ci, alhali bayan shekara 20 shi ne abin da za a nema. A kuma ce masa duk inda ake addu'a ko nasiha kada ya ɗora kiɗa, domin in an riga an fitar da bidiyo da kiɗa a kan magana, raba su aiki ne mai wuya, kamar raba gari da sukari. Sa'an nan kafin a cika masa kuɗinsa, a zauna a kalli abin a wata na'ura da ba tasa ba, a duba farko da tsakiya da ƙarshe.

In an karɓo, a sa masa suna na hankali. Fayil mai suna VID0047 ba ya gaya wa jikanka komai. A rubuta shekara da wata da rana da abin da aka yi da garin da aka yi shi. A ajiye kwafi uku, kuma ɗaya ya kasance a wani gida, in da hali a wani gari. Waɗanda suka ga ambaliyar Ankara ta ranar 3 ga Yuni 2015, da gobarar da kan tashi a kasuwanninmu, sun san dalili. Filashi abin ɗauka ne daga nan zuwa can, yakan mutu ba sallama. Faifan da aka ƙona a shago shi ma zafi da rana suna cinye shi. Ajiya a intanet tana da amfani, Google yana ba da giga 15 kyauta, amma ya ce daga ƙarshen 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Don haka a sa rana guda a shekara, misali bayan Babbar Sallah da dangi suke haɗuwa, a fito da ajiyar a kalla. An yi zumunci, an kuma gwada ko tana nan da rai.

Masu tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado, ku hanzarta. Damshin ƙasar nan yana sa musu fumfuna, na'urar kallonsu kuma kullum raguwa take. A kai a juya su a girman 720 da 576, ya wadatar, kuma kada a yar da kaset ɗin bayan an juya. Masu VCD da DVD na biki, a kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun faifan yana karantuwa. Na VCD wutsiyarsa .DAT, na DVD kuwa .VOB, kuma VLC tana buɗe su duka.

Kalma ɗaya ga matasanmu masu wannan sana'a, waɗanda da yawansu ta ajinmu suka bi. Abin da ke cikin kwamfutarku amana ce. A ciki akwai iyayenmu mata a cikin gida ranar lalle, akwai tsofaffin da ba za su sake magana ba. Kada ku ɗora bikin mutane a intanet don talla sai da izininsu, kuma kada ku share sai kun buga waya kun ce a zo a karɓa.

Alhaji Umaru na Kete Karachi ya rasu tun 1934, amma rubuce-rubucensa suna nan ana karantawa, domin almajirai sun yi ta kwafa suna adanawa, kuma takarda ido kawai take bukata. Bidiyo yana bukatar na'ura da wuta da manhajar da ta san rubutunsa, don haka ya fi takarda bukatar mai kula. Mu dai daga jawabin kawu minti 11 muka tsira da su, albarkacin wayar jikarsa. Labarin Salaga yana ciki, amma wayar ta tsaya kafin ya kai ga sunayen kakanni. Da babu gara ba daɗi. Mun fitar da babba da ƙarami, mun ajiye a gida uku, mun kuma sa 'yarmu ta zauna ta rubuta maganar kalma bayan kalma a littafi. Sauran sunayen muna bin tsofaffin mata na dangi muna tambaya, wannan karon da alƙalami a hannu.

Allah ya jiƙan kawu da dukkan magabatanmu, ya sa mu iya riƙon abin da suka bar mana. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.